Imel wasiƙa ce, ba sallama ba ce

Akwai wani tela a tsohuwar kasuwar Gombe da nake kai wa ɗinki shekara da shekaru. Bara, ana saura kwana tara Babbar Sallah, na je masa da yadin yara, na tarar ya shimfiɗa wata shadda ruwan toka a kan tebur, ya ja layi da alli, almakashi na hannunsa. Wayarsa tana kan keken ɗinki tana ta ruri. Ta katse, ta sake kamawa, ta katse, ta sake kamawa. Ko waiwaye bai yi ba. Na ce, "Malam, ana kiranka fa." Bai ɗago kai ba ya ce, "Na ji, Yallaɓai. In na ɗauka da almakashi a hannuna, shaddar mutane zan ɓata. Mai kira zai sake kira, amma yadi in ya yanku ba ya komawa." Sai da ya kai ƙarshen layin, ya ninke hannun rigar ya ajiye gefe, sannan ya goge hannu ya bi kiran.

Maganar nan ta zauna mini, domin a cikin watan da abin ya faru ni ma na ɓata shaddar mutane a nawa teburin. Ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa harkar lafiya a jihar nan, kuma ni ke haɗa rahoto da kasafin kuɗi. An shirya horon ma'aikatan lafiya daga ƙananan hukumomi 11 na jihar, ina zaune ina lissafa kuɗin motar kowa gwargwadon nisan garinsa. Ina tsakiyar jerin sai ga alamar sabon saƙo ta leƙo a kusurwar kwamfuta. Na buɗe. Sanarwa ce kawai cewa an ɗage wani taro da ko sunana babu a cikin masu halarta. Tunda na riga na shiga akwatin, na duba wasu biyu, na amsa ɗaya. Da na dawo kan lissafin sai idona ya sauka a layi na gaba, na tsallake ƙaramar hukuma guda sukutum. Ba a gano ba sai ranar da aka tashi horon, bayan la'asar, mutanen da za su koma can wajen Nafada suna tsaye a bakin zauren taro da jakunkunansu, wasu mata da goyo, an biya kowa ban da su. An samo kuɗin daga baya, amma har yau ina ganin fuskar wata dattijuwar ungozoma da ta ce mini cikin sanyin murya, "Ɗana, dare zai yi mana a hanya."

Abin da nake so in faɗa shi ne, yawan leƙa akwatin imel ba ƙwazo ba ne, ko da yake da rigar ƙwazo yake zuwa. Mutumin da ke buɗe akwatinsa duk bayan minti biyar yana jin kansa a tsaye kan aiki, ogansa ma haka yake ganinsa, amma a gaskiya ya miƙa ragamar ranarsa ga duk wanda ya ga dama ya rubuto masa. Shi bai tsara abin da zai yi da safiyarsa ba, masu aiko da saƙo ne suka tsara masa. Bayan abin da ya faru na ajiye takarda a gefen kwamfuta, duk leƙawa ɗaya in ja ɗan layi. Kafin azahar gefen takardar ya cika. Da na bi saƙonnin da suka shigo a wannan safiyar ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda da zai lalace in ya jira sa'a uku.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan ciwon ya kama mu da sauƙi haka, mu da aka rena a ƙasar Hausa. Ina ganin tarbiyyarmu mai kyau ce muka ɗora a inda ba wurinta ba. Tun muna yara aka koya mana cewa in an yi sallama amsawa wajibi ne, in babba ya kira ka kana cewa "na'am" kana miƙewa. Wanda ya ji sallama ya yi shiru, an san sunansa a unguwa. Da imel ya zo, sai muka ɗauke shi a matsayin mutum ne tsaye a ƙofar gida cikin rana yana jira. Shi ya sa in saƙo ya shigo ba mu amsa nan take ba muke jin nauyi a ƙirji, kamar mun wulaƙanta baƙo.

Alhali imel wasiƙa ce, kuma wasiƙa tun asali da jira aka san ta. Mahaifina yana da akwati a gidan waya, da ɗan makullinsa a ɗaure da na babur. Sau ɗaya a mako yake zuwa ya buɗe, ya kwaso, ya dawo zaure ya karanta a tsanake, ya amsa wadda ke buƙatar amsa. Ko da intanet ta iso garin nan, a farkon shekarun 2000, haka muka ci gaba. Ka je kafe, ka sayi sa'a ɗaya, ka jira Yahoo ya buɗe, ka karanta abin da ya taru a mako, ka tashi. Ba a rasa aure ko aiki saboda haka ba. Shi kansa Ray Tomlinson, injiniyan Amurka da ya fara aika saƙon imel daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, kuma ya zaɓi alamar @, amfanin abin da ya ƙirƙiro shi ne ka ajiye wa mutum magana ya same ta lokacin da ya samu sarari. Abin da ya sauya shi ne wurin da akwatin yake. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya BlackBerry da wayoyin Android suka ɗauko gidan waya ɗungurungum suka zuba mana a aljihu, da ƙararrawa a jikinsa.

Kuma ko sallamar ma ai tana da ƙa'ida. An karantar da mu cewa neman izinin shiga sau uku ne, in ba a ba ka ba ka koma, kuma ba laifi aka yi maka ba. A cikin Suratun Nur an ware lokuta uku da hatta yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi a huta da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ginin gidanmu ma a kan wannan fahimta yake. An yi zaure ne don baƙo ya tsaya a nan, a shiga a faɗa, maigida ya fito in ya kimtsa. Yau saƙon wani da ba ka taɓa gani ba yana wuce zaure, ya wuce tsakar gida, ya same ka a kan gado ƙarfe sha ɗaya na dare, kai kuma ka tashi zaune kana amsawa. Lokutan nan uku da aka ce a kiyaye, su ne daidai lokutan da yawancinmu muka fi riƙe waya.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan, wanda ba na tarbiyya ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da gwaji a kan tattabaru da ɓeraye, cewa dabba ta fi nacewa kan danna abu idan ba ta san yaushe abincin zai faɗo ba. In kullum yana faɗowa, takan ci ta huta. In wani lokaci ya zo wani lokaci bai zo ba, sai ta yi ta dannawa babu ƙaƙƙautawa. Da wannan dabarar caca ke riƙe mutane. Akwatin imel haka yake. Saƙo ashirin tarkace ne, tallace-tallace da sanarwar banki da kwafin maganar da ba ta shafe ka ba, amma can ba a rasa ɗaya mai daɗi: an amince da buƙatarka, an kira ka taro a Abuja, kuɗi sun shigo. Wannan ɗayan ne yake sa yatsa ya riƙa jan allo ƙasa a cikin keke napep, a layin banki, har a tsakanin sallame sallah da fara tasbihi. Na ga wannan na ƙarshe a masallacin unguwarmu ba sau ɗaya ba, kuma ni ma na yi.

Mutum zai ce ai leƙawar daƙiƙa goma ce. Leƙawar ba ita ce asarar ba, dawowar ce. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta bayyana a 2009 cewa idan ka bar wani aiki ka koma wani, hankalinka ba ya biyo ka gaba ɗaya, wani yanki nasa yana maƙale a wancan. Kamar ka zuba kunu a kofin da aka sha shayi ba a ɗauraye ba. Ka dawo kan rahotonka, idonka na kan layin, amma zuciyarka tana can tana tsara amsar da za ka ba wanda ya rubuto. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata ke amfani da kwamfuta. A 2004 ta ga mutum yakan tsaya kan abu ɗaya a allo kimanin minti biyu da rabi kafin ya juya. A 'yan shekarun nan abin ya sauko zuwa wajen daƙiƙa 47. A wani gwaji da ita da abokan aikinta suka fitar a 2012, sun yanke wa ma'aikata 13 imel na kwana biyar, da na'urar auna bugun zuciya a jikinsu. Lokacin da suke da imel sukan sauya abin da ke gabansu a allo kusan sau 37 a sa'a, da aka yanke ya koma 18, kuma bugun zuciyarsu ya nuna sun fi natsuwa. A Kanada ma, Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia sun sa mutum 124 su riƙa duba imel sau uku kacal a rana na mako guda, a wani makon kuma su duba yadda suke so. A makon sau ukun sun fi samun sauƙin damuwa. An wallafa wannan a 2015. Taura biyu ba ta taunuwa, kakanninmu sun faɗa tun kafin a zo da na'urar aunawa.

Wani abin da ba a cika haɗa shi da wannan magana ba shi ne damfara. Saƙon da ke cewa an rufe asusunka na banki, danna nan ka saka BVN, ba ya cin mutumin da ya zauna a natse yana karantawa. Wanda yake ci shi ne wanda ya buɗe a tsaye, da rabin hankali, yana sauri ya kawar da jan lambar nan daga kan allo.

Na san akwai waɗanda za su ce ina magana ne daga inuwa. Ƙanena ya gama hidimar ƙasa shekara biyu ke nan, ya cike fom ɗin neman aiki babu adadi, kuma wayarsa ba ta barin hannunsa. Na ce masa ya rage, ya ce, "Yaya, in aka aiko da gayyatar jarrabawa ban gani ba fa?" Tsoronsa gaskiya ne, domin akan aiko da irin wannan gayyata a ƙurarren lokaci, kuma daga Gombe zuwa Abuja tafiyar yini ce. Ba zan ce masa ya rufe akwatinsa ba. Amma wanda ya duba da safe, da rana, da yamma, da kuma kafin ya kwanta, babu gayyatar da za ta wuce shi. Sauran leƙawa ɗari da ke tsakani ba su ƙara masa komai sai faɗuwar gaba, kuma suna cinye lokacin da zai zauna ya koyi abin da za a tambaye shi in an kira shi ɗin. Haka kuma akwai mai aikin da amsa saƙo shi ne aikin nasa, kamar wanda ke teburin karɓar koke a banki ko kamfanin waya. Wannan ba da shi nake ba. Da malamin jami'a nake, wanda ke da takardun ɗalibai ɗari uku a gabansa, da akanta, da lauya mai rubuta hujja, da injiniya mai zane, da duk wanda aikinsa ke buƙatar ya nutsa sa'a biyu ba a taɓa shi ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na ƙaramin ma'aikaci. Zai ce, kai kana iya jinkirta amsa, ni in oga ya aiko ƙarfe tara na dare ban amsa ba, gobe da safe zan ji a jikina. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin maganar ta wuce gyaran halin mutum ɗaya, ta zama ta jama'a. A ofisoshinmu mun mayar da saurin amsa ma'aunin biyayya. Wanda ya fara rubuto "na gani, Yallaɓai" shi ne yaron kirki, ko da rahotonsa cike yake da kurakurai. Wanda ya kashe sanarwa ya duƙufa ya fitar da aiki mai tsabta, shi ake cewa ba a samunsa. Oga ya aika saƙo ɗaya ga mutum talatin, kowanne ya amsa wa dukkan talatin ɗin cewa ya gani, saƙo ɗaya ya haifi talatin, kowanne ya katse wa mutum talatin aiki. Mu da ke aiki da ƙungiyoyin da kuɗinsu ke zuwa daga waje muna da ƙarin nauyi: lokacin da ake buɗe ofis a Washintan, mu a nan ƙarfe biyu ko uku na rana ne, lokacin da suke tashi kuma mun kai goma ko sha ɗayan dare. In ba a ja layi ba, sai ma'aikaci a Gombe ya yi aikin ranarsa ya kuma yi tasu. Abin da na faɗa a kan imel kuwa, ninka shi biyu ga zaurukan WhatsApp na ofis, inda sanarwar aiki da ta ɗaurin aure da ta rasuwa duk suke cakuɗe a wuri ɗaya, ba ka isa ka yi shiru ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki abin da muhimmanci har ya kai ga doka. A Faransa, tun 1 ga Janairu 2017, kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye dole ne ya zauna da su a tsara lokutan da ma'aikaci ke da 'yancin kashe na'urorin aiki. Kafin nan, a ƙarshen 2011, kamfanin motoci na Volkswagen a Jamus ya amince a daina tura wa wani rukunin ma'aikatansa imel a waya daga rabin sa'a bayan tashi aiki har zuwa rabin sa'a kafin a koma. Fotugal ta yi tata dokar a 2021, Ostireliya ta bi a 2024. Tamu dokar ƙwadagon tun a shekarun 1970 aka rubuta ta, lokacin da in ma'aikaci ya fita daga sakatariya sai dai a aika masinja gidansa a kan keke. Ina goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago su ɗauko wannan batu. Amma ba sai mun jira majalisa ba, domin abin da ake buƙata a ofis ɗaya bai wuce shugaba ya buɗe baki ya faɗa ba.

Ranku ya daɗe, shugabannin ofisoshi, ku ne makullin. In kuka ce wa na ƙasa da ku, "abin gaggawa zan kira ka a waya, imel kuwa ka amsa shi kafin a tashi aiki gobe," kun sauke musu dutse daga ka. In tunani ya zo muku da dare kuna tsoron mantawa, ku rubuta, amma ku sa saƙon ya tafi da safe. Gmail ya saka wannan damar tun 2019. Ku daina saka sunan wanda magana ba ta shafa ba don kawai a shaida. Ku ce ba kwa buƙatar "na gani". Sannan in za ku yaba wa ma'aikaci a gaban jama'a, ku yaba wa wanda lissafinsa bai taɓa dawowa gyara ba.

Ni dai ga yadda nake yi yanzu. Na kashe duk wata ƙara da alama ta imel a waya da kwamfuta, na ɗauke manhajar daga fuskar waya na kai ta can ciki inda sai na nema. In na isa ofis ƙarfe takwas ba na buɗe akwati. Na fara da aikin da ya fi nauyi, lokacin kai na sanyi, gari bai ɗau zafi ba, wayar na cikin aljihun tebur. Wajen sha ɗaya nake buɗewa karo na farko, sai bayan azahar, sai kuma bayan la'asar kafin in tashi. Lokutan sallah sun riga sun yanka mana yini gida-gida, ban ga dalilin ƙirƙiro wani jadawali ba. In na buɗe kuma ba leƙe nake ba, zama nake: mai buƙatar amsa gajera in amsa, mai buƙatar aiki in rubuta shi a littafina da ranar da zan yi, tallace-tallace in cire sunana daga jerinsu, in rufe.

Makon farko ya yi mini wuya ƙwarai. Hannuna yakan tafi aljihun tebur da kansa, kuma nakan ji kamar wani abu na ƙonewa a wani wuri ban sani ba. Sau biyu abokan aiki suka biyo ni har tebur suna cewa sun aiko ban amsa ba. Na ce musu su yi haƙuri, in da sauri su kira ni ko su tako, tunda tsakaninmu bango ɗaya ne. Abin da na lura shi ne, da suka tako, maganar da za ta ci saƙo shida takan ƙare a minti biyu. Rahoton wata da nake kwana uku ina ja, yanzu a safiya biyu nake gamawa. A gida kuma, 'yata da ke kawo mini haddarta bayan magariba ta daina tsayawa a tsakiyar aya tana cewa, "Baba, kana ji kuwa?"

Watan jiya na kai maganar taron ma'aikata na ranar Litinin. Na ba da labarin mutanen Nafada da bakina, duk da kowa ya sani, na ce ga abin da ya jawo. Wata abokiyar aikinmu mai shayarwa ta ce ita da wayar a hannu take ba jaririnta nono da dare, don tsoron kada a aiko ta makara. Ɗakin ya yi tsit. Shugabanmu, mutum ne mai sauraro, ya ce daga yanzu duk abin da aka aiko bayan sallar Juma'a ba a bin kowa bashin amsarsa sai Litinin, in ba kira aka yi ba. Maganar daren sauran ranaku kuwa ya ce a bari mu miƙa rahoton wannan zangon tukuna, domin masu ba da tallafi suna kanmu. Na rubuta ta a jerin abubuwan da za a tattauna a taron wata mai zuwa, ita ce ta biyu bayan batun man janareta.